Ƙullin Igiyar Bappa Bakoji

Birnin Gwari,
4 ga Agusta.

Zuwa ga Ƙasimu, Sarkin Rowa na tashar Kaduna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ciwon gwiwar nan da yake hana ka zuwa gida amma bai taɓa hana ka zuwa wurin mai tsire ba. Mu nan lafiya lau. Inna Mairama ta ji sauƙin ƙirjin, har ta koma faɗa da kaji, ka kuwa san alamar lafiyarta ke nan. Ruwa sai godiya, masara ta yi goyo a gonakin kusa da gari. Gonarmu ta Tabanni dai bana ma mun bar wa ciyawa, don babu mai zuwa bakin dajin nan da fartanya hankalinsa kwance.

Na rubuto ta hannun Shafi'u direba ne saboda sabis ɗin waya a unguwarmu sai an hau tudun bayan makaranta ake samu. Can kuma rabin gari ne a tsaye, kowa ya ɗaga waya sama. Idan mutum ya faɗi sirrinsa a tudun nan, kafin ya sauko maganar ta riga shi isa gida.

Aike zan yi maka. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, daga can muka gaji wasan taubasantaka, saboda haka ba roƙonka nake yi ba, umarni ne.

Ka san tun rasuwar mahaifin yaran nan, ɗinki da karantar da matan aure a zauren Baba su ne suke riƙe da gidan. Ɗinkin ya yi sanyi, kowa cikinsa yake ji. To, a wani zauren WhatsApp na malaman Islamiyya na haɗu da wata Hajiya Muslimat. Ta ce ita babbar wakiliya ce a wani kamfani mai suna Sauƙin Safara, masu harkar tikitin jirgi da biza da Umara. Suna neman mata da za su yi musu wakilci daga cikin ɗakinsu. Ba shago, ba fita, waya kawai. Mutum zai biya dubu arba'in da biyar na rajista, a ba shi shaidar wakilci. Duk wanda ya kawo ya sayi kujerar Umara yana da kamasho, duk wadda ya kawo ta yi rajistar wakilci kuma yana da rabin kuɗin rajistarta. Kujerar Umarar Maulidi a wurinsu kusan rabin abin da ake faɗa a gari ce, wai don sari suke yi.

Ta turo mini satifiket mai jan hatimi, da hoton ofis, da hoton wasu mata a filin jirgi kowacce da jakarta. Matar akwai ladabi, ba ta buɗe baki sai da sallama, ba ta rufewa sai da addu'a. Gaskiya raina ya biya, Ƙasimu. Na gaji da lissafin yadda garin tuwo zai kai Juma'a.

Ga adireshin ofishinsu nan na rubuta a bayan takardar, a nan Kaduna ne, wani layi bayan babbar kasuwa. Ka ja gwiwar nan taka ka je ka gano mini da idonka. Ba na so ka kashe ko sisi, na san ciwon da hakan yake sa maka.

Ka gaida Bushira da yara.

Taubashiyarka kuma uwar ɗakinka,
Zulaiha

*

Kaduna,
11 ga Agusta.

Zuwa ga Gajeriya mai dogon buri,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma na gane taki ce tun kafin in buɗe, don babu wanda yake aiko wasiƙa babu ko ƙullin daddawa sai ke. Amma ni ne Sarkin Rowa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana gaishe ki. A gaida Inna, a ce kajin su yi haƙuri.

Wato ke da ko Kaduna sai kin yi amai sau uku a mota, ke ce za ki riƙa tura mutane Makka daga kan tabarmar ɗakinki? Lallai duniya ta ci gaba. Har na karanta wa abokan aikina a ɗakin tikiti, muka yi dariya har fasinja suka fara leƙowa.

Shekarata goma sha bakwai ina yankan tikiti a tashar nan, Gajeriya. A iya sanina, bayan kowane tikiti akwai mota a tsaye, da direba, da kujera mai lamba. Ɗan kamasho kuma daga fasinjan da ya shiga mota yake cin abinci. Ban taɓa ganin tashar da ɗan kamasho yake biya a ɗauke shi, sannan aikinsa shi ne ya kawo wani ɗan kamashon, shi ma ya kawo wani ba. Idan aka yi haka, tasha za ta cika da masu ihun "saura mutum ɗaya", babu mota ko ɗaya. Ina jin mutanen nan naki ɓarayi ne, amma da yake ke ma tun kina yarinya kike satar mana gyaɗa a rumbu, kin ga gida kika koma.

Ban samu zuwa ba tukuna, makon nan lodi ya yi yawa. Layin dai na san shi, akwai ofisoshi a wurin, har da na masu harkar jirgi. Zan leƙa idan na samu sarari.

Idan kin zama attajira kada ki manta da ni. Kujerar gaba nake so, kusa da direban jirgi, kuma ba zan biya ba.

Bushira tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da kuka idan an samu mai kyau.

Ubangidanki har abada,
Ƙasimu

*

Birnin Gwari,
18 ga Agusta.

Sarkin Rowa,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙaramar 'yata da ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warware. Ga kukar Bushira nan, ga kuma daddawarka, ka daina yi mini gori.

Na yi dariya har Inna ta tambaya ko aljanu ne. Maganar gyaɗa kuwa ƙarya kake yi, kai ne kake shiga rumbun, ni tsaron ƙofa kawai nake yi. Na san bakinka, da kamfanin Annabawa ne ma sai ka ce ɓarayi ne don ni na kawo. Abin da na riƙe a takardarka shi ne ka san layin, kuma akwai ofisoshin masu jirgi a wurin. Hankalina ya kwanta. Na sayar da tunkiyata, na biya rajista, har an turo mini shaida da hotona a jiki. Yanzu sai ka riƙa ce mini Wakiliya.

Kuma ka ji ikon Allah, har na samu mutum na farko. Ka tuna Bappa Bakoji, Bafulatanin nan na rugar bayan Saminaka, aminin Baba? Shi ne mai kawo wa Baba ajiya duk lokacin da ya sayar da dabba, kuma Baba ne yake karanta masa takardun asibiti. Ka san shekara shida da suka wuce aka kore masa garke zuwa cikin daji, aka bar shi da 'yan shanu biyar da jan bijimi ɗaya. Surukarsa Nafisat, mai kawo mana nono, ita ta ji ina ba mata labari a zaure, ta kai masa.

Ranar kasuwa sai ga shi da sandarsa. Ya zauna a dakalin da yake zama da Baba, muka gaisa, ya tambayi kowa har da tunkiyar da na sayar. Sannan ya ce, "Ɗiyar Malam, an ce ke ce yanzu mai kai mutane ɗakin Allah."

Na ce, "Bappa, ni wakiliya ce kawai, kamfanin yana Kaduna."

Ya ce, "Ni ban san Kaduna ba, ban san kamfani ba. Malam Abdulfattah na sani. Shekara talatin ina ba shi ajiya, ko allura ba ta ɓace ba. Ke jininsa ce. Idan kin ce akwai hanya, akwai hanya."

Ya ce shekarunsa sun kai saba'in da wani abu, ya daɗe da cire rai, don kuɗin da ake faɗa ko ya sayar da duk abin da ya rage ba zai kai ba. Amma wannan farashin, jan bijimin da ɗan abin da ya ɓoye za su isa. Ƙasimu, da ka ga idon tsohon nan. Sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Na ji kamar yau ne na fara zama 'yar Baba da gaske.

Hajiya Muslimat ta ce kujerun sun kusa ƙarewa, za a tashi goma ga watan Maulidi. Bappa zai kai bijimin kasuwa mako mai zuwa. Idan ka je ofishin ka gaishe mini da su, ka ce wakiliyarsu ta Birnin Gwari ce ta aiko bawanta.

Taka, Wakiliya,
Zulaiha

*

Kaduna,
23 ga Agusta.

Zuwa ga Malama Zulaiha Abdulfattah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Babu wasa a takardar nan, ko layi ɗaya. Ki karanta ta sau biyu.

Kada ki tura kuɗin Bappa. Idan bai sayar da bijimin ba, ki aika a tsayar da shi yau.

Da na karanta wasiƙarki, nan take na bar ɗakin tikiti a hannun abokin aikina na tafi layin nan. Lambar da kika rubuto tana nan, benen ma yana nan. Shagon katifa ne da labule. Wata mata mai suna Praise ce a ciki, shekararta takwas a wurin. Ina ambaton Sauƙin Safara ta riƙe baki, ta ce ni ne na tara da ya zo tambaya tun bayan Sallah, kuma biyu daga ciki a nan bakin shagon suka zauna suna kuka.

Ban tsaya nan ba, don kada in zalunci mutane. Na shiga ofishin wasu masu harkar Umara na gaskiya a layin, na samu wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya ce aikin wakilci daga gida akwai shi, su ma suna da mata masu kawo musu matafiya. Amma su ne suke biyan wakili idan matafiyi ya tashi, ba wakili ne yake biyansu ba, kuma ba su taɓa ba wani lada don ya kawo wani wakilin ba. Ya ce satifiket mai jan hatimi, ko da na gaske ne, shaidar rajistar suna ce kawai. Mai kai mutane Umara sai da lasisin hukumar da ke kula da harkar alhazai. Ya buɗe jerin masu lasisi a gabana, muka bi shi daga sama har ƙasa. Babu su. Da na faɗa masa farashin, ya ce ko tikitin zuwa da dawowa ba zai saya ba, balle biza da masauki.

Idan kina ganin baƙin ciki nake yi miki, ki gwada da kanki. Ki tambayi Hajiyar lambar lasisinsu. Ki ce ta ba ki sunan mutum ɗaya da ya je ya dawo ta hannunsu, da lambar wayarsa. Ki duba asusun da aka ce ki tura kuɗi, sunan kamfani ne ko na wani mutum.

Laifina ne, Zulaiha. Tun a takardar farko na ji warin abin. Da wani ne ya tambaye ni, da na ce masa kada ya kuskura, magana ɗaya. Amma ke ce, kuma tun muna yara ban taɓa faɗa miki magana a miƙe ba, sai na naɗe gaskiya a cikin zolaya na aiko miki. Kika ɗauki zolayar kika bar gaskiyar, kuma kina da hujja. Tunkiyarki tana wuyana.

Na kira wayarki ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Shafi'u ya ce gobe zai taso in hanya ta yi kyau.

Ɗan'uwanki,
Ƙasimu

*

Birnin Gwari,
1 ga Satumba.

Sarkin Rowa,

Gaisuwa da fatan alheri. Mako biyu ke nan babu takardarka. Ko ka ga na zama Wakiliya ne hassada ta kama maka hannu? Na san dai ba laifinka ba ne. Ruwan da aka yi ya cinye wani kwalbati a hanyar Kaduna, motoci ba sa wucewa, Shafi'u ma yana can wajenku ya maƙale. A ruwan ne kuma tsawa ta faɗa wa turken sabis, yanzu ko an hau tudu babu komai. Wannan takardar zan ajiye ta har Allah ya kawo mai tafiya. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka.

An sayar da jan bijimi. A ranar aka loda shi a tirela zuwa kurmi. Nafisat ta ce Bappa ya tsaya har motar ta ɓace. Kuɗin suna wurina, ya kawo su a ƙunshe cikin tsohon rawani, ya ce in ajiye inda Baba yake ajiyewa. Kafin sabis ya ɗauke Hajiya ta ce lallai su shiga asusu kafin la'asar ɗin Alhamis mai zuwa, in ba haka ba a ba wani kujerar. Masu gyara sun ce ranar Laraba sabis zai dawo, mai POS kuma ya yi mini alkawarin ni ce ta farko.

Bappa ya fara sallama. Na ce ya bari biza ta fito, ya ce a'a, tafiya ɗakin Allah ba a yin ta da haƙƙin mutane a wuya, kuma ƙafarsa ba ta sauri, gara ya fara da wuri. Kullum da hantsi yake fita, ruga ruga, gida gida, har cikin Saminaka. Ya durƙusa ya ce, "Zan tafi, ban sani ba ko zan dawo. Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku yafe mini." Mutane suna ba shi guzuri, wannan man shanu, wannan farin yadi, wannan 'yan kuɗi. Kowa kuma da saƙon addu'arsa. Da yake ba ya karatu, sai ya samo igiyar ɗaure maraƙi, duk wanda ya ba shi saƙo ya yi ƙulli ɗaya. Ya nuna mini, yana taɓa kowane ƙulli yana faɗin mai shi da buƙatarsa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sun kai talatin.

Abin da ya girgiza kowa shi ne ya je wurin ƙaninsa Abdulbaƙi. Ka san lokacin da aka kore shanun, Bappa ya faɗa a gaban jama'a cewa ɗan Abdulbaƙi ne ya nuna hanya, ba tare da shaida ba. Tun ranar ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. An ce da ya durƙusa a gabansa, ƙanin ya ɗago shi. Abdulbaƙi ya cire takalminsa sabo ya ba shi, ya ce ya taka ƙasar Makka da shi. Yara har sun fara kiransa Alhaji.

Abu ɗaya ne yake ɗan sukata. Bappa ba shi da fasfo. Na faɗa wa Hajiya tun farko, ta ce kuɗi dai tukuna, fasfo aikin kwana biyu ne. Ni ban taɓa yi ba, amma kwana biyu? Ka tambaya mini in ka je.

Taka,
Zulaiha

*

Birnin Gwari,
9 ga Satumba.

Ƙasimu ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ga takardu biyu nan, ta ɗaya ga wata da ban samu aikowa ba, da wannan. Ka fara karanta waccan don ka san inda muka kai.

Shafi'u ya iso ranar Laraba da hantsi, kwana goma sha biyu takardarka tana aljihun motarsa. Ina ganin bayan ambulan na san ba lafiya ba. Malama Zulaiha Abdulfattah. Tun da aka haife ni ba ka taɓa kirana da sunana ba. Na karanta sau biyu kamar yadda ka ce, ina neman inda ka ɓoye zolayar, ban samu ba.

Ba zan ɓoye maka ba, haushinka na fara ji. Na ce wataƙila sun tashi daga layin ne. Da azahar sabis ya dawo, ina hawa tudu na ga kiranka yana shigowa na ƙi ɗauka. Na kira Hajiya da tambayoyinka uku. Lambar lasisi, ta ce tana wurin manaja. Sunan wanda ya je ya dawo, ta ce sirrin matafiya ne. Na ce to me ya sa asusun yake da sunan wani Sadisu, ba sunan kamfani ba? Sai muryar nan mai addu'a ta canja. Ta ce ba ni da tawakkali, ina tsaya wa dattijo a hanyar ɗakin Allah, zunubin yana kaina. Na ce ta ba ni lambar lasisin kawai, yanzun nan in tura. Kafin in sauko daga tudun an cire ni daga zauren WhatsApp ɗin, lambarta kuma ta daina shiga. Mai POS yana ta ɗaga mini hannu, na wuce shi kamar ban gan shi ba.

Kuɗin Bappa ba su tafi ba. Amma bijimi ya tafi, kuma mutumin ya riga ya sallami duniya.

Washegari na sa hijabi, na ɗauki rawanin nan, na hau mashin zuwa rugar. Na same shi a gindin ɗorawa yana gwada takalmin Abdulbaƙi. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabansa, na faɗa masa komai a miƙe. Na ce babu kamfani, babu jirgi, kuma ban bincika ba kafin in buɗe baki. Na ce, "Bappa, da sunan Baba ka yarda da ni, ni kuma na kai sunan inda bai taɓa zuwa ba."

Ya daɗe yana kallon shanun nan biyar. Sannan ya cire takalmin a hankali ya jera su. Ya ce, "Ajiya ta dawo?" Na ce ta dawo. Ya ce, "To, gidan Malam bai canja ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Can ya ce abin da yake damunsa guzurin mutane ne, dole ya mayar, don ba zai ci abin da aka bayar domin tafiyar da ba a yi ba. Na ga yadda maganar take fita da ƙyar. Dattijon da aka riga aka kira Alhaji, ya koma ƙofa ƙofa yana cewa ba ya tafiya. Na ce ba zai je shi kaɗai ba.

Kwana uku muka yi muna zagaye, shi a gaba da sanda, ni da Nafisat a baya da ƙwarya a ka. Duk ƙofar da muka isa, ba na bari ya fara magana. Ni nake cewa, "Ni ce Zulaiha 'yar Malam Abdulfattah. Ni na kawo maganar tafiyar nan, ta zama ta 'yan damfara. Bappa ba shi da laifi." Wasu sun yi salati, wasu sun yi mini kallon da ba zan manta ba. Wata tsohuwa a Saminaka ta ce dama ta san Makka ba ta zuwa ta waya. A gidaje biyu kuma aka ja ni gefe, ashe 'ya'yansu mata suna shirin biyan rajistar. Waɗannan dai sun tsira.

Abdulbaƙi ne kawai ya ƙi karɓar nasa. Ya ce takalmin na Makka ne, ya zauna a wurin yayansa har ranar da Allah ya kira. Ya ce ranar kasuwa za su shigo tare su je ofishin alhazai su ji yadda ake tara kuɗin kujera a hankali, a fara zuba wani abu daga kuɗin bijimin, abin da ya rage kuma a sayi karsana. Tare za su zo, Ƙasimu, a kan mashin ɗaya.

Da muka gama, na ga igiyar tana nan a wuyan Bappa. Na ce ko in taya shi kwance ƙullin. Ya dafe ta da hannu, ya ce, "A'a. Guzuri na mayar, saƙo ba ya komawa. Na ce zan roƙa musu, zan roƙa. Wanda zan je wurinsa a can yana ji daga nan." Ya ce duk bayan salla yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kama ƙarshen igiyar ya ƙara ƙulli ɗaya, ya ja shi da haƙori. Ya ce, "Wannan naki ne, ɗiyar Malam. Kowa ya aiko, ke kaɗai ba ki aiko ba."

A nan ne na yi kukan da nake riƙewa tun ranar Laraba.

Maganar tunkiya ka cire ta daga wuyanka. Ka faɗa mini, ni ce na zaɓi layin da nake so in ji. Na koma kan keken ɗinki, kuma na gaya wa matan zaure duk abin da ya faru, da tambayoyinka uku, har sun haddace.

Abu ɗaya nake roƙo, wannan karon roƙo ne ba umarni ba. Takardarka mai zuwa, kada ka sake rubuta Malama Zulaiha a bayanta. Ka rubuta Gajeriya, ka zage ni son ranka, don in san komai ya koma daidai.

Ka gaida Bushira da yara.

Taubashiyarka,
Zulaiha